Kafin ka kama ɗaki a bene, fara gwada rezo

Shekara shida ke nan ina zaman haya a Garwa. Gida uku na zauna, kuma a cikinsu babu inda ban sha fama da intanet ba. Sana'ata lissafi ce: ina riƙe wa wasu masu manyan motoci littafi, waɗanda ke lodi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere su kai kaya Kuseri da Injamena. Kullum akwai takardar da zan tura, akwai hoton rasit da direba zai aiko daga bakin hanya, akwai mai kaya da sai ya gan ni ta bidiyo yake sakin kuɗi. Ran da rezo, wato sabis ɗin waya da intanet, ya ɗauke, ran nan ban yi aiki ba ke nan. Yanzu ina zaune a wani bene mai ƙofa goma sha biyu a Pumpumre, kuma ni ke tara kuɗin intanet na gidan, aikin da kowa ya guje wa aka liƙa wa mai lissafi. Wanda ke shirin kama ɗaki a irin benayen nan da ake ta ginawa, ko ɗalibi mai neman wurin kwana, ga abin da na so a ce wani ya gaya mini tun da wuri.

A takarda kamfanoni huɗu ne ke da lasisin wayar salula a Kamaru: MTN, Orange, Camtel ta gwamnati mai sayar da hajarta da sunan Blue, sai Nexttel da ta shigo a 2014. In ka ji huɗu sai ka ɗauka kasuwa ce ta ci, ka taya nan ka taya can. Amma kasuwar da ta shafe ka ita ce wadda ta iso cikin ɗakinka bayan an rufe ƙofa. Gidana na farko a Yelwa ɗakin ƙasa ne, can ƙurya bayan matakala. A tsakar gida layi uku ke kamawa. A cikin ɗaki ɗaya ne tak, shi ma sai na jingina wayar a jikin taga. Wata goma sha huɗu na yi ina sayen forfe, wato ƙunshin data, a hannun kamfanin da ba na so, don bango ya riga ya zaɓa mini.

Gwaji kafin kafin-alƙalami

Masu gida a nan kan nemi kuɗin watanni a dunƙule, ga kuɗin ajiya da muke kira kosiyon, kuma da zarar ka miƙa magana ta ƙare. Don haka ranar da dillali zai kai ka ganin ɗaki, ka tafi da layin kowane kamfani. In wayarka mai sim biyu ce, ari ta wani ka cika sauran. Ka zuba wa kowanne data ta kwana ɗaya, ta isa.

Kada ka tsaya a baranda kana kallon 'yan sandunan nan na saman waya. Kowace waya da yadda take ƙirga su, kuma ba sa gaya maka mutum nawa kuke rububin eriya ɗaya. Shiga ciki, rufe ƙofa da taga, tsaya daidai inda za ka shimfiɗa katifa ko ka kafa tebur. A wayar Android, in ka shiga saiti, ka nemi bayanin waya, sannan matsayin sim, za ka ga wata lamba da alamar ragi a gabanta, an rubuta dBm. A 4G, in ka ga -80 zuwa -90, ka dace. In ta kai -100, ana lallaɓawa. In ta wuce -110, wahala za ka saya. Kada ragin ya ruɗe ka: duk sanda lambar ta ƙara girma, siginar ja da baya take yi.

Bayan nan sai gudu. Akwai manhajar Speedtest, tana ba da lamba uku: saurin saukewa, saurin ɗorawa, da jinkirin da ke tsakanin tambayarka da amsa, wanda ake auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mutane lambar farko kawai suke kallo. Mai aika takardu da mai kiran bidiyo, ta biyu da ta uku ne nasa. Ka lura gwajin kansa yana cin data sosai, musamman inda rezo ke da kyau. Wanda bai son lambobi, ga hanyar gargajiya: kira wani ta bidiyo ku yi minti biyar cur, sannan ka tura masa bidiyo mai tsawon minti ɗaya ka ga yaushe zai isa.

Babban abin kuwa shi ne lokaci. Dillali da hantsi yake kai mutum, lokacin da rabin unguwa suna kasuwa ko makaranta, eriya tana hutawa. Ka koma bayan isha'i, tsakanin ƙarfe takwas da goma, sa'ad da kowa ya kishingiɗa ya buɗe TikTok. Layin da ya ba ka gudun mega ashirin da safe yana iya kasa ba ka biyu da dare. Da na ce wa dillalin da ya kawo ni gidan nan sai mun dawo da dare, ya dube ni ina zagaya ɗaki da waya uku a hannu, ina tsayawa a kowace kusurwa, ya ce, "Malam, wai ɗaki ka zo gani ko duba ka zo yi?" Na ƙara masa kuɗin babur, muka dawo. Ɗakin da ya fara nuna mini na bari, na ɗauki na samansa.

Dalilin wannan bambanci a gini yake. Siminti da rodi suna shanye sigina, kwano yana mayar da ita. Sigina zango-zango ce kamar tashoshin rediyo, zangon da ke ɗaukar data mai yawa shi ne kuma ya fi kasa ratsa bango, shi ya sa za ka ga 4G a ƙofa, kana shiga ta koma 3G. Hawa na sama ya fi kama rezo kusan ko'ina, sai dai duk wanda ya kwana ƙarƙashin rufi a Garwa cikin Maris ko Afrilu, zafi ya haura 40, ya san abin da ya saya da shi. Wannan ciniki ne tsakaninka da jikinka.

Kafin ka fita, ka yi sallama da maƙwabta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba magidanci za ka tambaya ba, zai ce maka lafiya lau don kada ya ɓata da mai gida. Nemi samarin gidan, su za su gaya maka layin da ke mutuwa da dare da wanda ke ɗaukewa in an ɗauke wuta.

Zama da mai gida

Masu gida iri uku na gani. Akwai wanda babu ruwansa, ka ja wayarka ta inda ka ga dama. Akwai wanda ya ce ko ƙusa ba a buga masa a bango. Sai na uku, wanda ya fi zaƙin baki kuma ya fi haɗari: wanda zai ce maka ai gidansa da wifi.

Gidana na biyu irin wannan ne. Ƙofa takwas, kowace ƙofa jaka biyar a wata a kan kuɗin haya, ko ka yi amfani ko ba ka yi ba. Jaka arba'in ke nan. Abin da aka saya da su boks ɗaya ne, wato akwatin da ke kamo intanet ya raba ta wifi, yana ɗakin ɗan mai gidan a hawa na sama. In yaron ya yi tafiya ya kulle ɗaki aka ɗauke wuta boks ɗin ya ruɗe, sai mu jira ya dawo. In datar wata ta ƙare ran ashirin, sai mu jira wata ya kama. Da na nemi in kafa 'yar eriyata a saman gini, na je na durƙusa na gaida Alhaji, na faɗi buƙatata. Ya ce, "Ɗana, ba ga shi na sa muku ba? Kowa ya ce sai ya huda mini bango, gidan nan rariya zai koma." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji, to ko a cire mini jaka biyar ɗin tunda da waya nake aikina?" Ya ce haya ɗaya ce, ba ya raba ta. Haka na yi ta biya biyu, nasa da na wayata, har shekara ta zagayo.

Ban ce mugunta ce ba. Dattijon bangonsa yake tsoro, kuma ɗansa ya gaya masa haka ake yi a zamani. Amma abin da ya yi, ba da saninsa ba, ya mayar da kasuwar kamfani huɗu ta zama shago ɗaya, shagon ma a kulle rabin wata. Wanda ya san ba inda za ka je, me zai sa ya gyara?

Wannan rigima ba mu muka fara ta ba. A Amurka masu manyan gidajen haya sun daɗe suna ƙulla yarjejeniya da kamfani ɗaya, ya ba su kaso, su kuma su tare wa sauran ƙofa. Hukumar sadarwarsu, FCC, ta hana kwangilar keɓe gida ga kamfani ɗaya a 2008, sai aka ɓullo ta bayan gida da rabon riba, har ta sake fitowa a Fabrairun 2022 ta hana irin wannan rabon da ke korar abokan hamayya. Duk da haka can ma mai gida yana iya sayen intanet a dunƙule ya haɗa kuɗin da haya. Faransa ta bi wata hanya: tun dokarsu ta 2008, kamfanin da ya fara shigar da fiba, wato wayar gilashi mai ɗauke da intanet, cikin bene dole ya bar sauran su bi ta wayarsa, kuma mai gida ba ya hana ɗan haya jawo fiba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Waya ɗaya a bango, masu sayarwa da yawa. Wannan dabara ta biyu ita na ara, don ba sai da doka ake yin ta ba.

Mu a nan, abin da zai tsare ka shi ne takardar haya. Kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta cewa kana da damar jawo intanet na kamfanin da ka ga dama, a faɗi ta inda waya za ta bi da inda eriya za ta zauna. In gidan yana da wifi, a ware kuɗinsa daga na haya, a rubuta cewa za ka iya fita da sanarwar wata ɗaya. A kuma faɗi na wane ne waya da eriya ranar da za ka tashi. In babu takarda, baki ne kawai kamar yadda aka saba a gidaje da yawa, a yi maganar a gaban dillali da wani dattijo.

Kuma kada ka je wa mai gida da maganar haƙƙi, ba za ka ci riba ba. Je masa da abin da yake tsoro. Da muka zauna da mai gidanmu na yanzu, cewa muka yi, "Alhaji, maimakon kowa ya huda nasa, a bar mu mu sa bututun roba ɗaya ya bi gefen matakala daga sama har ƙasa. Huda ɗaya a kowane hawa, mu za mu biya, mu shafe da siminti mu yi fenti. Duk wanda zai jawo waya nan gaba ta ciki zai bi. In mun tashi, bututun na gida ne." Ya yi shiru, ya ce a kira masa magininsa ya gani. Washegari aka fara.

Me za ka saya?

Mai zaman kansa wanda WhatsApp da Facebook ne iyakarsa, wayarsa ta ishe shi, kada wani ya ruɗe shi. Mai kwamfuta yana iya raba data daga waya, amma batir zai ci ƙaniyarsa da zafi. Na gaba ɗan ƙaramin modem na aljihu, sannan boks na 4G mai zama a wuta, wanda ya fi su kamu, wasu ma suna da wurin jona eriyar waje.

A nan akwai tarko. Boks ɗin da kamfani ke sayarwa da araha galibi a kulle yake, sim ɗinsa kawai yake karɓa. Buɗaɗɗe a kasuwa ya fi tsada, amma shi ne ke ba ka damar zare sim ɗin wannan ka zura na wancan ran da abu ya lalace. In aljihu zai iya, sayi buɗaɗɗe. Ka gwada shi a gaban mai shago da sim biyu daban-daban, don na ga wanda aka ce buɗaɗɗe ne, yana ganin layin wani kamfani amma 3G kawai yake ba shi, saboda an ƙera shi don wata ƙasa da zangonta ya bambanta da namu.

Fiba, wato wayar gilashi, ita ce sarauniya in ta iso lungunku: ba ruwanta da bango, ba ruwanta da cunkoson eriya. A Kamaru Camtel ce ke riƙe da babbar hanyar fiba ta ƙasa. Ka duba turakun lungunku ko akwai ɗan akwatin rarraba ta, sannan ka je ofis da katin ɗan ƙasa da zanen kwatancen gida ka tambaya. Ka tambayi kuɗin jawowa daban, na wata daban, da abin da zai faru in ka tashi daga gidan. Mu ba ta iso lungunmu ba tukuna, amma bututunmu yana nan yana jiran ta.

Wannan riƙo na babbar hanya yana da wata ma'ana da ya kamata kowa ya gane. Intanet ɗinmu daga teku yake shigowa, ta wayoyin da suka sauka a Duwala da Limbe da Kiribi, ciki har da wadda ta taso daga Fortaleza ta Barazil aka gama ta a 2018. Daga can ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ya iso mu nan bakin kogin Binuwai, kuma kamfanonin waya haya suke yi a wannan hanya. Guga daban-daban, rijiya ɗaya. In eriyar unguwa ce ta samu matsala, sim na biyu zai fisshe ka. In kuwa motar aikin hanya ce ta tsinke fiba a kudu da mu, ko aka samu irin ta ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, to kowa jiƙewa yake yi. Ran nan ba sauya sim ake yi ba, haƙuri ake yi.

Za ka ji ana zancen Starlink, faifan da ke kamo intanet daga tauraron ɗan'adam. A Najeriya ya fara aiki a farkon 2023, Cadi ta ba shi izini a ƙarshen 2024. A Kamaru kuwa a Afrilun 2024 hukumar kwastan ta ba da umarnin kama kayansa a kan iyaka saboda rashin lasisi. Duk wanda ya kawo maka tayin faifan da aka tsallako da shi, ka fara zuwa ka ji matsayin doka daga ART, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Kamaru, kafin ka zuba dukiyarka da ta maƙwabta. Ka kuma sani yana son sarari fetal a sama, kuma wutar da yake ci ta ninka ta boks sau da yawa.

In za ku yi karo-karo

Mu ƙofa tara muka haɗu cikin goma sha biyu. Ukun da suka ƙi ba wanda ya matsa musu, kuma wannan ita ce ƙa'ida ta farko, in ba haka ba mun zama Alhajin gidana na biyu.

Eriya tana saman gini tana fuskantar turken da ya fi ba mu ƙarfi. Boks buɗaɗɗe yana ƙarƙashin rufin matakala a cikin akwatin ƙarfe mai hudoji, makulli ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Baba maigadi. Daga nan waya ta bi bututu zuwa kowane hawa, kowane hawa da na'urar wifi tasa. Kada ku yarda da mai cewa na'ura ɗaya mai ƙahoni shida za ta ratsa dakalin siminti biyu, ba ta yi. Wayar da ake jona su da ita ba ta son ta wuce mita 100 a jere, kuma ku nemi ta jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha wadda sanholo ce aka yi wa wankan jan ƙarfe: kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ajiye musu abarsu. In na'urorin suna kusa da juna a raba musu tasha, ɗaya a 1, ɗaya a 6, ɗaya a 11, don kada su riƙa yi wa juna ihu.

Lissafin rabo kuma ga yadda yake. Megan da kamfani ke faɗa na gudu ba shi ne megan da kake gani a jikin fayil ba, sai ka raba shi gida takwas. Layi mai gudun 20 yana sauke mega biyu da rabi ne a daƙiƙa. In ƙofa tara suka hau lokaci ɗaya, kowa ya tashi da biyu da 'yan kai, wanda ya isa kiran bidiyo amma bai isa mutum ɗaya ya kwana yana sauke finafinai ba. Dole a sa wa kowace ƙofa iyaka. Ƙananan na'urorin MikroTik da masu sayar da tikitin wifi a unguwa ke amfani da su suna yin wannan, kuma duk yaron da ya iya kafa musu zai iya kafa muku.

Mun koyi wannan ne da wahala. Watan farko lambar sirri ɗaya muka ba kowa. Sati biyu sai abu ya koma tafiyar hawainiya. Wata rana na dawo da dare na tarar da benci biyu na mai shayin lungunmu sun matso jikin katangarmu, samari sun kai goma, kowa fuskarsa na haske. Na buɗe shafin boks na ƙirga waya arba'in da ɗaya. Ashe jikokin Hajiya ta hawan ƙasa ne. Ba su ma faɗi lambar ba, hoton nan mai ɗigo-ɗigo da waya ke fitarwa suka nuna wa abokinsu ɗaya, shi kuma ya nuna wa duniya. Da na je na gaishe ta na faɗa mata, ta ce, "Yo ɗan nan, abin da ke yawo a iska shi ma rowarsa ake yi?" Na ce, "Hajiya, iskar ce muke saya da awo." Ta yi dariya, ta ce a yi abin da ya dace. Yanzu kowace ƙofa da lambarta, lamba ɗaya waya uku, ta huɗu ba ta shiga.

Kuɗi ana tara su kwana biyar kafin forfe ya ƙare, ta MoMo ko Orange Money, don kowa ya riƙe shaidarsa a waya. Wanda bai biya ba lambarsa kawai ake rufewa, ba faɗa ba gori. Muna ɗora ɗan abu a sama muna ajiyewa saboda ranar gyara. Duk rasit ina tura hotonsa a zaurenmu na WhatsApp, ko ba a tambaya ba, don zargi ya fi rashin rezo saurin raba maƙwabta. Kuma ba ma sayar wa na waje. Raba kuɗi tsakanin 'yan gida ɗaya daban, sayar wa jama'a intanet kuwa sana'a ce da ke buƙatar izinin hukuma, ga shi duk abin da aka aikata ta layin, mai sunan da ke kan sim za a nema.

Wuta

Intanet ba ya wuce wuta. Arewacin nan madatsar Lagdo ce ginshiƙinmu, mai megawat 72, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya kowa ya san abin da ke biyowa, ko da yake tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun rage zafi. Abin daɗin shi ne boks ba ya cin wuta, wajen wat goma ne, yawancinsu a kan bolt 12. Ɗan batirin da ake sayarwa musamman don shi yana riƙe shi sa'o'i. Ku sa wa boks nasa, ku sa wa na'urar kowane hawa nata, in ba haka ba sama na da rai ƙasa a mace. Ku daidaita da mai gida daga mitar wa za a ja wutar, a rubuta. Kada a kulle na'ura a inda ba iska, zafin Garwa yana sa ta suma da rana tsaka, ƙurar hunturu kuma tana toshe mata hudoji. Da damina, in hadari ya haɗo da walƙiya, Baba maigadi ya san aikinsa: ya zare wayar eriya da ta wuta. Mun yi asarar boks ɗaya kafin mu koya masa.

Karatun forfe da riƙe ƙofar fita

Kafin ka sayi kowane ƙunshi, tambaya uku. Kwana nawa yake yi? Gigan da aka rubuta, nawa ne na kowane lokaci, nawa ne na tsakar dare ko na wasu manhajoji kawai? In ya ƙare, tsayawa yake yi ko kuɗin kiranka yake komawa ci? Wanda aka ce ba shi da iyaka kuwa, ka nemi ƙaramin rubutun, galibi akwai adadin da in ka kai ake rage maka gudu. Ka raba kuɗin da gigan da za ka iya amfani da shi da rana, wannan shi ne farashin gaskiya. Ni dai ba na sayen abin da ya wuce wata ɗaya, komai rangwamen da aka yi wa na wata uku ko shida, don wanda ya biya gaba ya sayar da ƙafarsa.

Mutanen ƙasar nan sun taɓa nuna cewa mai saye yana da baki. A Afrilun 2023 aka yi gangamin sa waya a yanayin jirgin sama daga sha biyun rana zuwa ƙarfe biyu, don nuna fushi kan tsada da rashin inganci. A watan Mayu na shekarar ART ta ci kamfanonin huɗu tarar da ta kai sefa biliyan 6 a haɗe. Tun 2017 kuma an buɗe damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa. In za ka kai kuka, kada ka je da baki kawai. Ka riƙe hoton gwajin gudu mai kwanan wata da lokaci, da saƙon sayen forfe. Ka fara da kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi, in shiru ya yi yawa ka wuce ART da takardunka.

A gidanmu muna ajiye sim na kamfani na biyu a raye, muna zuba masa ɗan abu lokaci-lokaci don kada a rufe shi. Duk bayan wata uku nakan hau sama bayan isha'i in gwada layukan duka, in tura sakamakon a zaure. Sau biyu muka sauya kamfani a shekara biyu, kowanne bai ɗauke mu minti goma ba: zare sim, zura wani, juya eriya kaɗan.

Ranar da ɗaya daga cikinmu zai tashi, a rufe lambarsa, a mayar masa da kasonsa na kuɗin ajiya, a cire abin da ya ci na gyara. Kuɗin da ya zuba a boks da eriya, sabon da ya shigo ɗakin ne ke biyansa in yana son shiga karo-karon. In ba ya so, sauran su raba. In sim ɗin da sunan mai tashi aka yi rajistarsa, ku je ofis tare a sauya suna tun kafin motar kayansa ta iso ƙofa.